Kawu da Hantar Ɗigo

Kawuna mutum ne da in ka ce masa kana jin zazzaɓi, kafin ya ce maka sannu ya riga ya cusa maka ma'aunin zafi a hammata. Shekara talatin da huɗu ya yi a ɗakin awo na wani asibiti, yana ɗibar jinin mutane, yana juya shi a na'ura, yana leƙa fitsari da majina a madubin ƙara girma, yana cika takarda da lambobi. In ya gama sai ya miƙa takardar ta wata 'yar taga da ba ta fi faɗin tire ba, ya ce, "Kai wa likita, shi zai yi maka bayani." Sau da yawa ya san abin da ke cikin takardar tun kafin likitan ya gani, amma dokar aikin ita ce hannu ya rubuta, baki ya yi shiru.

Ina jin wannan shirun ne ya taru ya yi masa yawa, domin yana yin ritaya ya ɓalle da bayani kamar an fasa famfo. Ya dawo gida da wani tsohon madubin ƙara girma da aka yi niyyar jefarwa, ya ƙwace sikelin kicin na matarsa, wadda muke kira Inna, ya sayi littafi mai baƙin bango. Ya auna burodi ya ga ko nauyin da aka rubuta a leda gaskiya ne. Ya ƙirga sau nawa famfon banɗaki ke ɗiga a minti ɗaya, maimakon ya kira mai gyara. Inna ta ce ita dai roƙonta ɗaya, kada wata rana ta farka ta tarar da kanta a kan sikeli.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Shagona na ɗinkin labule yana bakin layinsu, kuma ni kaɗai ce mai mota a dangin da ke kusa, don haka duk wani karambanin Kawu a kujerar gaban motata yake ƙarewa. Uwar Magana yake kirana, wai ba a taɓa faɗar abu na bar shi ya wuce ba. Ban musa ba, gado na yi.

Wata tsohuwa ce a hawa na ƙasa da nasu take da 'yar ƙaramar karya mai dogon gashi, irin waɗanda ko sun girma ba sa wuce kyanwa. Karyar ta haifi huɗu. Da tsohuwar za ta koma wajen ɗanta, aka raba uku a unguwa, aka bar na huɗun, wanda kowa ya ɗaga ya duba ya ajiye. Ƙanƙane ne ƙwarai, ga sanyin jiki, ga yawan barci. Kawu ba tausayi ne ya fara kama shi ba, in gaya muku gaskiya, tambaya ce. Ya tsaya a matakala riƙe da shi a tafin hannu ɗaya ya ce, "Uwa ɗaya, nono ɗaya, rana ɗaya. To me ya hana wannan girma? Ruwa ba ya tsami banza."

Inna ta kafa doka nan take: baranda ce iyakarsa, kwanonsa daban, kuma kada ya kuskura ya taka inda ake salla. Kawu ya ce ya ji. Ya sa masa suna Ɗigo, wai duk jikinsa bai fi abin da ake ɗigawa a kan gilashin awo ba.

Kullum da safe sai a ɗora Ɗigo a cikin kwanon sikeli, a rubuta. Abin da ya ci, a rubuta, da ƙarfe nawa ya ci. Har fitsarinsa da kashinsa suna da layinsu a littafin. Kawu ya ma bi sawun ɗan'uwan Ɗigo guda, wanda masu shagon gyaran waya suka ɗauka, ya roƙe su ya auna shi. A wata huɗu ɗan'uwan ya haura kilo ɗaya da rabi, Ɗigo kuwa ko kilo ɗaya bai cika ba. A nan ne na lura tambaya ta fara komawa wani abu dabam. Kawu da ba ya yi wa jikokinsa wasa sai ya wanke hannu, na tarar da shi durƙushe a baranda yana cewa, "Ci mana, ɗan gidana, ci ka ba su kunya."

To, wanda ya yi shekaru yana ganin ramammun marasa lafiya ana cewa a ba su abinci mai gina jiki, me zai ba ramammen kwikwiyo? Nama. Kowace safiya Kawu na gaban mahauci yana zaɓen tsoka da hanta, a dafa, a yayyanka ƙanana. Ɗigo kuwa yana so, har rawa yake yi in ya ji ƙamshi.

Sai ga wani abu ya ɓullo. Wata rana da hantsi na kawo wa Inna labulen falo, na ga Ɗigo yana ta kewaya baranda kamar wanda ya ɓata a gidansu. Ya yi karo da ƙafar kujera, miyau na dalala daga bakinsa, daga bisani ya je ya kafa goshinsa a bango ya tsaya cak. Na kira shi, ko kunne bai motsa ba. Bayan kamar awa biyu ya ware, ya sha ruwa, ya kwanta, kamar ba shi ba. Kawu ya ce wannan shi ne karo na uku, kuma duk ya rubuta.

Inna na jera kwanuka ta ce, "Malam, anya naman nan bai yi masa nauyi ba? Ni dai na ga duk ranar da ka cika masa kwano, ranar yake wannan haukar."

Kawu ya dube ta ta saman tabarau. "Da wane ma'auni kika auna?"

"Da ido."

"Ido ba ma'auni ba ne."

"To Allah ya ba sikeli lafiya," in ji ta, ta shige kicin.

Washegari na kai su asibitin dabbobi. Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana, hannunta kuma da sauri. Ta ce za a ɗebi jini. A nan na ga abin da ban taɓa zato ba: mutumin da ya huda jijiyar dubban mutane, da allura ta doshi wuyan Ɗigo sai ya juya ya kama karanta takardar rigakafi da ke manne a bango. Na ce, "Kawu, ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa?" Ya ce in yi masa shiru.

Aka ce sakamako zai fito washegari, a zo a ga likita ranar Litinin. Kawu ya lallaɓa shi kaɗai a bas ya karɓo takardar tun ranar Alhamis, wai zai ajiye ta ne kawai. Kowa ya san ajiyar da kura ke yi wa nama. Da na leƙa da yamma na same shi ya baje ta a teburin cin abinci, ga jan biro, ga rula, fuskarsa har sheƙi take yi. Shekara talatin da huɗu yana jiran ranar da takarda za ta zo hannunsa babu mai ce masa kai wa likita.

"Zauna, Uwar Magana, ki sha karatu," ya ce. Ya ɗora rula a kan wani layi mai haruffa uku, ALP. "Wannan ya ninka inda ya kamata har sau biyu. Shi ne ya ɗan tayar mini da hankali, sai mun bi shi a hankali." Ya sauko kan wani, ALT. "Wannan ya ɗan ɗaga kaɗan, ba abin a zo a gani ba. Yuriya kuma, dubi, ta yi ƙasa. Ƙoda ke nan ras, alhamdu lillahi. In da ta hau ne za mu yi kuka." Sai ya buga biro a kan layi na gaba. "Ga ɓarawon. Albumin, furotin na cikin jini, ya faɗi. Sukari ma ya yi ƙasa. Yaron nan yunwa ce ke cinsa. Naman bai isa ba."

Na ce, "Kawu, wannan fa jinin kare ne."

"Jini jini ne," ya ce. Har fitsarin Ɗigo ya tara a murfin kwalba ya leƙa a madubinsa, ya kira ni in gani: wasu 'yan ƙwayoyi ruwan ƙasa masu ƙaya-ƙaya. Sun ba ni sha'awa, na tambaye shi mene ne. Ya ce a wajen aikinsu in fitsari ya daɗe a ajiye akan ga irinsu, ba a ko rubuta su. Ban san komai a wannan fanni ba, amma na san fitsarin nan ko minti goma bai yi ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga yadda yake jin daɗi, na haɗiye. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun, ni da ake kira Uwar Magana.

Juma'a da Asabar Ɗigo ya ci hanta sau uku a rana. Ranar Lahadi da azahar Inna ta kira ni a waya, ta ce in zo maza. Na bar keken ɗinki a kunne na ruga. Ɗigo na kwance a gefe ɗaya, ƙafafunsa na harbin iska, idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Kawu ya naɗe shi a tawul, ya sa takalmi ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya na Inna, amma bai manta da littafin ba.

Allah ya taimake mu likitar ce ke aiki ranar. Ta sa masa ƙarin ruwa mai sukari, ta yi masa abin da za ta yi, sai da ya lafa sannan ta zaunar da mu. Kawu ya miƙa takardar awon, duk ta sha jan biro. Ta dube ta, ta dube shi.

"Baba, aikin asibiti ka yi?"

"Ɗakin awo. Shekara talatin da huɗu."

"Na gani a zanen," ta ce, ba tare da ta yi dariya ba. "To bari mu bi ta tare. Wannan ALP da ka zagaye har sau biyu, a kwikwiyo ɗan wata huɗu ba ya ba ni tsoro shi kaɗai. Ƙashi mai girma ma yana fitar da shi. Shi da ALT suna gaya mana ko wani abu na taɓa hanta ne, ba sa gaya mana ko tana aikinta. In kana son ka san ko tana aiki, sai ka duba abin da take ƙerawa." Ta ɗora yatsa a kan layukan da Kawu ya yi wa alamar lafiya. "Wa ke yin yuriya, Baba?"

A hankali Kawu ya ce, "Hanta."

"Albumin fa?"

"Hanta."

"Wa ke ajiye sukari ya sako shi in an buƙata?"

Kawu ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Duk ya san wannan, ya sani tun kafin a haifi likitar. Sai dai shekarun da ya yi yana farautar lambar da ta hau a jinin manyan mutane sun sa idonsa ya saba tsallake wadda ta sauka.

Da ya ambaci ƙwayoyi masu ƙaya da ya gani a fitsari, likitar ta gyara zama. Ta tambaya ko fitsarin ya kwana, ni kuwa na yi caraf na ce ko minti goma bai yi ba. Ta ɗauki biro ta juya bayan takardar ta yi zane. Ta ce duk jinin da ya kwaso abinci daga hanji dole ya bi ta hanta a tace shi kafin ya shiga gari. Amma a wasu 'yan kwikwiyo, musamman irin ƙananan nan, akan haife su da wata jijiya da ta yi wa hanta ɓarauniyar hanya. Jini sai ya zagaye ta, ya wuce da dattinsa. Hanta ba ta samun jinin da zai raya ta, sai ta tsumbure, kwikwiyon ma ya tsumbure. Dattin kuma, musamman amoniya da ke fitowa in an narkar da nama, sai ya haye ƙwaƙwalwa. Shi ne kewaye-kewayen, shi ne kafa kai a bango.

Ni dai duk da tashin hankalin da muke ciki, abin ya burge ni. Jijiya guda, da ba ta kai kaurin zaren da nake ɗaure labule da shi ba, ita ce duk wannan?

Likitar ta ce, "Me yake ci?"

Kawu ya tura mata littafin. Ta buɗe, ta bi shafukan da yatsa, sannan ta ce ba ta taɓa samun mai dabba da ya kawo mata irin wannan ba. Ta juyo da littafin gabansa, ta ce ya karanta mata ranakun da abin ya tashi, da abin da aka ci kafin nan. Kawu ya fara da muryarsa ta aiki. Hanta giram arba'in, ƙarfe tara. Kewaye, sha ɗaya saura. Nama da hanta, ƙarfe ɗaya; kafa kai a bango, uku saura kwata. Ya karanta na uku. A na huɗu ya tsaya. Rubutunsa ne, mai kyau, a jere, babu gogewa ko ɗaya, kuma kowane layi da hannunsa ya zuba abin a kwano.

"Garin neman ƙiba," ya ce, bai ƙarasa ba.

"Ba kai ka saka masa jijiyar ba, Baba," in ji likitar. "Da ita ya zo. Kuma littafin nan ya rage mana tafiya mai nisa."

Da muka isa gida Kawu ya tsaya a ƙofar kicin kamar baƙo, ya ce wa Inna, "Idonki ya fi sikelina." Na zaci za ta yi masa wankin babban bargo, don ni da ni ce da na yi. Sai kawai ta ce, "Cire mini takalmina, Malam."

Don a tabbatar, aka yi wani awo na musamman, na ruwan maɗaciya da ke yawo a jini. A ɗebi jini kafin ya ci komai, a ba shi 'yar loma, a jira awa biyu cif, a sake ɗiba. Lafiyayyar hanta takan kwashe ruwan daga jini ta mayar, wadda aka zagaye kuwa sai ta bar shi ya taru. Likitar ta ce tana son ganin na biyun ƙasa da ashirin da biyar. Na Ɗigo ya haura ɗari da hamsin. Hoton ciki ya nuna jijiyar, da hanta 'yar mitsitsiya a gefenta. Kawu ya nemi a nuna masa har sau uku, kuma na ga tsohon halinsa ya leƙo ta cikin damuwar, don sai da ya tambayi faɗinta.

Aka ɗauke nama gaba ɗaya. Aka koma abinci na musamman na gwangwani, kaɗan-kaɗan sau biyar a rana, da wani magani mai zaƙi kamar zuma da ke fitar da dattin ta bayan gida. Mahauci har aike ya yi a tambaya ko lafiya. Kawu da kansa ya daina cin nama a gidan, wai ba zai iya tauna ba Ɗigo na kallonsa ta gilashin baranda. Bayan mako huɗu, da jikin ya yi ƙwari, aka yi tiyata, aka sa wa jijiyar wani ɗan zobe da zai riƙa matse ta sannu a hankali har ta toshe, jini ya koyi bin hanyar gaskiya. Likitar ba ta ɓoye mana ba, ta ce wasu kan warke sarai, wasu kan ci gaba da magani har ƙarshen ransu, wasu kuma ba sa tashi daga kwanakin farko. Ɗigo ya tashi.

Wata uku bayan haka muka koma a sake awon nan mai jiran awa biyu. Washegari muka je karɓa. Ɗakin awon nasu ma da 'yar taga yake. Matar da ke ciki ta miƙo takarda a ninke, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Kai wa likita, ita za ta yi maka bayani."

Kawu ya tsaya riƙe da takardar. Na zuba masa ido in ga ko zai buɗe. Bai buɗe ba. Ya kama hanyar ofishin likita a hankali, ni ina bayansa da Ɗigo a kwando. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Taku ashirin da biyu ne. Na asibitinmu ya fi haka nisa, har da matakala. Ashe haka masu karɓar takarda suke ji, Uwar Magana? Ni kuwa ko sannu ban cika ce musu ba."

Lambar ta sauko zuwa talatin da ɗaya. Kawu ya ce ai ba ta kai ba. Likitar ta ce a irinsu ba kullum take komawa daidai ba, ya dubi yuriya da albumin da suka hau, ya kuma dubi wanda ke ƙoƙarin cinye hannun kwando. Ta ce a janye maganin a hankali, in an ga lafiya a fara gwada masa nama ɗan kaɗan.

Ranar gwajin na rufe shago na zo. Inna ta dafa tsoka, Kawu ya yanki abin da bai fi farcen babban yatsa ba, ya ɗora a sikeli, ya rubuta. Ya durƙusa a baranda da naman a hannu, Ɗigo na ta tsalle, yanzu kilo biyu da ɗoriya. Hannun ya miƙa ya dawo, ya sake miƙawa ya dawo. Daga ƙarshe ya ɗago kai ya ce wa Inna, "Ke ba shi."

Inna, wadda ba ta taɓa yarda ko jelarsa ta shafe ta ba, ta karɓa ta jefa a kwanon. Loma ɗaya ya yi da shi. Kawu ya jawo kujera, ya cire agogonsa ya ɗora a gwiwa, muka zauna mu uku muna kallon kwikwiyo kamar masu jiran jirgi. Ya sha ruwa. Ya yi barci. Da ya farka ya nufi bango, na zaci abin ne ya dawo, ashe silifas ɗin Kawu ya hango a jingine. Ya ja shi zuwa ƙarƙashin kujera ya hau ci.

Awa biyu ta cika, Kawu ya ƙara rabin awa don kansa. Sannan ya buɗe littafin mai baƙin bango, ya rubuta lokaci, a gabansa ya rubuta kalma biyu: ba komai. Ya daɗe yana kallonsu, ya miƙo wa Inna littafin ya ce ta duba masa ko ya rubuta daidai.